Cinikin Biri a Sama: Wa Zai Tsaya wa Mai Sayen Gida?

Kawuna ya yi shekara 35 yana riƙe da alli. Ranar da kuɗin giratutinsa suka faɗo, bai nemi mota ba, bai yi zancen ƙarin aure ba. Burinsa ɗaya ne: kada a fitar da gawarsa daga gidan haya, iyalinsa su zauna zaman makoki suna jiran takardar tashi. Ana cikin haka wani tsohon ɗalibinsa ya turo masa talla ta WhatsApp. Hoton rukunin gidaje ne a bayan garinmu, da jan kwano da titi mai kwalta da masallaci a tsakiya. A ƙasan hoton an rubuta cewa ka biya kaɗan-kaɗan, ka karɓi makulli cikin wata 18.

Ya je ofis, aka ba shi ruwa mai sanyi, ana ta "Baba sannu, Baba zauna nan." Ya sayi fom, ya ba da kafin alƙalami, cikin shekara guda ya cika kuɗi cif. Yau shekara huɗu ke nan. Gidan yana tsaye a linta, ciyawa ta cika falo, awaki ne ke kwana a ɗakin da ya ware wa uwargida. Bara kamfanin ya aiko masa da wasiƙa: siminti ya yi tsada, ko dai ya ƙara kuɗi, ko a mayar masa da nasa bayan an cire kashi 20 cikin 100, shi ma sai ranar da aka samu wani mai saye. Da ya nuna ɓacin rai, sai yaron ofishin ya buɗe masa yarjejeniyar da ya sa wa hannu, ya ɗora yatsa a kan sakin layin. Duk abin da suka faɗa yana rubuce a ciki.

Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don matsalar ta fi ƙarfin kamfani ɗaya. Duk wanda ke zaune a Abuja ko Kano ko Kaduna ya san wani mai irin labarin nan. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka ɗauki lamarin a matsayin tsautsayi, alhali tsari ne da dokokinmu suka bar wa ƙofa a buɗe.

Mu fara da tambayar da ba a cika yi ba: a wannan ciniki, wa ya ba wa wani bashi? A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. Kamfanin da ya je bankin kasuwanci neman jarin gini zai biya abin da ya haura haka, sai ya kawo jingina, sai an binciki littattafansa, kuma ba za a ba shi kuɗin a dunƙule ba. Saboda haka sai ya juyo wajen malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti da ɗan kasuwar Kwari. Waɗannan suna ba shi jari kyauta, ba jingina, ba mai duba inda kuɗin suka tafi. Ana kiran kawuna mai saye, amma aikin banki ya yi, kuma bankin da ba shi da ko ɗaya daga cikin makaman banki.

Da zarar kuɗin sun shiga asusun kamfani, sun zama nasa. Zai iya sayen siminti da su. Zai iya sayen wani sabon fili a wata unguwa ya sake buga talla. Zai iya biyan wanda ya fi ɗaga murya a cikin tsofaffin masu saye, ko ya canza mota. Babu wata dokar tarayya da ta tilasta masa ya ware kuɗin gidan wane ya kashe su a kan gidan wane. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗannan ayyuka suke tafiya kamar adashen da ba shi da uwa: kuɗin na baya ake gina wa na gaba, ranar da sababbin masu zubi suka ƙafe, aiki ya tsaya cak. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamakin ƙashi.

Sai kuma takardar yarjejeniya. Lauyan kamfani ne ya rubuta ta, da Turancin da ko mai digiri sai ya karanta sau uku. Idan mai saye ya makara da biyan kashi ɗaya, akwai tara, har da ƙwace gidan. Idan kamfani ya makara da shekara uku, akwai sakin layin da ya ce ranar miƙa makulli hasashe ce kawai. Kamfani na da ikon ƙara farashi, da sauya zane, da sauya maka fuloti, da ƙirƙiro kuɗin raya unguwa da ba a faɗa maka ba ranar da kake shan ruwan sanyi. Kai kuwa ikonka ɗaya, ka biya. Wannan kashin dankali ne aka sa wa hatimi.

Na uku shi ne fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce ba a sayar da haƙƙin da gwamna ya bayar ko a jinginar da shi sai da amincewarsa. A Abuja kuwa minista ne ke da wannan iko. Takardar C of O ta babban filin tana ɗauke da sunan kamfani. Abin da ake miƙa wa mai saye takardar alokeshan ce da rasit, waɗanda kamfanin ya buga da kansa. Idan kamfanin ya kai ainihin takardar banki ya jinginar, mai saye ba zai sani ba sai ranar da banki ya zo. Idan filin na wani ne, ko an ware shi don titi ko makaranta, ba zai sani ba sai ranar da ya ga jan fenti a bango, katafila na biye. A Kano mun daɗe da sanin wahalar filayen awon igiya. Abin takaici, wasu masu allon talla da ofis mai na'urar sanyaya ɗaki awon igiyar suke yi, sun dai sa mata kwat.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa wa kawuna a gabana: "Ai laifinsa ne, me ya sa bai bincika ba?" To da me zai bincika? Zai iya zuwa KANGIS ko KADGIS ko AGIS ya duba fili, kuma ya kamata ya je. Amma wane ofishi zai je ya ga adadin mutanen da aka sayar wa gida a wannan rukuni? Ina zai ga nawa aka karɓa, nawa aka kashe? Ina zai ga ayyukan da shugabannin kamfanin suka yi watsi da su a baya da wani sunan? Ba a tara waɗannan bayanai a inda talaka zai gani. Idan ka sayi maganin zazzaɓi, ba a ce ka buɗe ɗakin gwaji a gidanka ba, an kafa NAFDAC. Idan ka ajiye kuɗi a banki, akwai NDIC a bayanka. Sai gida, sayayya mafi girma a rayuwar mutum, aka ce kowa tasa ta fisshe shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Wasu kuma cewa suke yi ya yi haƙuri, rabonsa ne ya ƙare. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba a yi shi don ya zama garkuwar macuci ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani tana magana ne a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Malaman fiƙihu da suka halatta a ba magini ko maƙeri aikin abin da bai ƙera ba tukuna sun gindaya sharaɗin a fayyace siffa da girma da farashi, don kada a bar ƙofar jayayya. Mutumin da ya buɗe taron talla da addu'a, ya sa hoton masallaci a tsakiyar zane, sannan ya rubuta wa kansa ikon sauya farashi duk ranar da ya ga dama, da amanar mutane yake kasuwanci.

Gaskiya ne ba a ce babu doka kwata-kwata ba. Akwai Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 127 ya haramta sharuɗɗan zalunci a yarjejeniya, sashe na 120 ya ba mai saye damar soke abin da ya biya tun kafin a kawo, a cire masa abin da hankali zai ɗauka kawai. A 2022 wata Babbar Kotu a Inugu ta dogara da wannan doka ta yanke cewa ƙa'idar "ba a mayar da kuɗi" ta kamfanin safara na Peace Mass Transit haramtacciya ce, ta ba wani fasinja diyyar naira 500,000. Idan doka ta tsaya wa mai tikitin mota, ta fi cancanta ta tsaya wa mai gida. Ya kamata masu saye su san da ita, su riƙa kai ƙara.

Sai dai duk wannan ihu ne bayan hari. Dokar tana aiki ne bayan kuɗi sun tafi. Ka je wajen 'yan sanda su ce maganar ciniki ce, ka tafi kotu. Ka je EFCC, sai an tabbatar da niyyar damfara, kuma wanda ya kafa harsashi ya kai gini linta zai ce niyyarsa mai kyau ce, kasuwa ce ta juya. Ka je kotu, ka yi shekaru ana ɗage zama, kana biyan lauya kana biyan haya. Ranar da ka yi nasara, ka tarar asusun kamfanin wayam, masu shi sun yi rajistar wani sabo. Hukuncin da ke kan takarda ba ya hana ruwan sama zuba a kan iyali.

Wasu ƙasashe sun sha wannan ɗaci, suka gane cewa wurin da ake tare ɓarnar shi ne bakin asusu. Misalin da ya fi kama da namu shi ne Indiya. A garin Noida da ke gefen Delhi, dubban iyalai sun yi shekaru suna biyan bashin banki a kan gidajen da ba su taɓa kwana a ciki ba. Kamfanin Amrapali kaɗai ya bar masu saye sama da 40,000 a tsaye, har sai da Kotun Ƙolin ƙasar a 2019 ta soke rajistarsa, ta miƙa ayyukan ga kamfanin gwamnati na NBCC ya ƙarasa, bayan bincike ya nuna an karkatar da kuɗin mutane.

A 2016 majalisar Indiya ta yi dokar da ake kira RERA, ta fara aiki gaba ɗaya ranar 1 ga Mayu, 2017. Ga abin da ta ƙunsa. Duk aikin da filinsa ya wuce murabba'in mita 500 ko gidajensa suka wuce takwas, ba a tallata shi ko a karɓi kuɗi sai an yi masa rajista, an baje takardun fili da zane da ranar gamawa a shafin intanet na hukuma. Ba a karɓar fiye da kashi 10 cikin 100 na farashi kafin a rubuta yarjejeniya a yi mata rajista. Kashi 70 cikin 100 na kuɗin masu saye suna shiga wani asusu na daban na wannan aikin kaɗai, ba a cira sai gwargwadon inda gini ya kai, kuma sai injiniya da mai zanen gini da akanta sun sa hannu. Idan kamfani ya saɓa ranar miƙa gida, mai saye na da zaɓin karɓar kuɗinsa duka da ƙari. Tarar da ake ɗora wa mai saye idan ya makara, ita ce ake ɗora wa kamfani idan ya makara. Ba a yin babban sauyi a zane sai kashi biyu cikin uku na masu saye sun yarda. Idan aibi ya fito a ginin cikin shekara biyar, kamfani ne zai gyara kyauta cikin kwana 30.

A wannan gari na Noida ne aka ga abin da ya kamata masu gine-ginenmu su kalla da kyau. Kamfanin Supertech ya kafa dogayen benaye biyu a wurin da aka nuna wa mazauna rukunin cewa lambu ne. Mazaunan suka yi shekaru a kotu. A 2021 Kotun Ƙoli ta ce an yi haɗin baki da jami'an hukumar garin, ta ba da umarnin a rushe benayen da kuɗin kamfanin, a mayar wa waɗanda suka saya kuɗinsu da ƙarin kashi 12 cikin 100. Ranar 28 ga Agusta, 2022 aka tarwatsa su da nakiya, duniya na kallo. A wajenmu katafila na zuwa, amma gidan mai saye take ci, wanda ya sayar yana zaune lafiya a ofishinsa.

Ba Indiya kaɗai ba. Dubai, inda attajiranmu ke rububin sayen gidaje tun suna kan takarda, ta yi dokar asusun amana tun 2007, har ana riƙe kashi 5 cikin 100 na tsawon shekara guda bayan an gama gini, saboda gyara. A Faransa doka ta ƙayyade cewa ba a karɓar fiye da kashi 35 cikin 100 kafin a gama harsashi, 70 idan an yi rufi, 95 idan an kammala, sauran sai ranar makulli. Attajirin da ke tura dala Dubai da kwanciyar hankali yana yin haka ne don ya san akwai asusun da ba a taɓawa. Me ya sa kariyar da yake morewa a can ta yi wa malamin makaranta yawa a nan?

Masu kamfanoni suna da hanzari, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, tsadar kaya. Gaskiya ne daga tsakiyar 2023 darajar naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, rodi ma ya bi sahu. Wanda ya yanke farashi kafin wannan lokaci ya sha wuya. Amma kawuna ya gama biya tun siminti na da araha. Da an sayi simintinsa da rodinsa a lokacin da ya biya, da tashin farashi bai same shi ba. Kuɗinsa aka kai wani wuri, yanzu ana so ya biya tarar jinkirin da ba shi ya jawo ba. Ga wanda yake biya a hankali kuwa, a rubuta tun farko yadda za a lissafa ƙari, da iyakarsa, da wanda zai tabbatar. Ƙarin da aka sani tun ranar ciniki daban yake da wanda aka aiko da shi a wasiƙa.

Na biyu, sun ce tsauraran dokoki za su kashe ƙananan magina, gidaje su ƙara tsada. Dokar Indiya ta ware ƙananan ayyuka, mu ma za mu iya. Wanda za ta kora daga kasuwa shi ne wanda ba shi da jari sai allon talla, kuma shi ne yake ɓata wa na kirki suna. Akwai kamfanoni masu cika alkawari, na san waɗanda suka karɓi makullinsu a kan lokaci. Su ne za su fi cin riba ranar da mutane suka daina tsoron biyan kuɗi. Idan ƙungiyarsu ta REDAN da gaske take, ita ya kamata ta riga kowa kai wannan ƙudiri majalisa.

Na uku, an ce a Najeriya doka ba ta aiki, za a ƙara wani ofishin karɓar na goro ne kawai. Wannan ita ce hujja mafi nauyi. A Chaina akwai ƙa'idar ware kuɗin masu saye, amma jami'an ƙananan hukumomi suka kau da kai, kamfanoni suka kwashe. Evergrande ya durƙushe da bashin da ya haura dala biliyan 300, a 2022 masu saye a garuruwa da dama suka daina biyan bashin banki a kan gidajen da ba a gama ba. A Indiya ma har gobe akwai masu riƙe da hukunci a hannu suna jiran a aiwatar. A Legas, benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutum sama da 40, ba don babu hukumar kula da gine-gine ba ne. Shugabanta a lokacin ya ce hawa 15 aka amince a yi. Darasin da ke nan shi ne a rubuta dokar yadda ba za ta dogara da jami'i ɗaya ba. Bankin da ya saki kuɗi ba bisa ƙa'ida ba ya biya daga aljihunsa. Injiniyan da ya sa hannu a kan ƙarya ya rasa lasisinsa na COREN. Mai saye ya iya ganin abin da ke asusun aikin a wayarsa. Shugabannin kamfani su ɗauki alhaki da sunayensu, don kada a rufe wannan a buɗe wancan.

Lokaci ma ya ƙure. Tun 1992 ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikata zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa. A 2022 hukumar PenCom ta ba ma'aikaci damar cire har kashi 25 cikin 100 na kuɗin fanshonsa don biyan kason farko na bashin gida. Wato gwamnati da kanta tana tura kuɗin tsufan mutane zuwa wannan kasuwa. Wanda ya buɗe wa ruwa hanya, shi ke da alhakin gyara kwata.

Ba sai mun jira Abuja ba. Tunda fili a hannun gwamna yake, kuma izinin gini daga hukumomin jiha irin su KNUPDA yake fitowa, majalisun jihohi suna da hurumi. Legas ta riga ta yi dokar hukumar LASRERA a 2022, wadda ke yi wa masu harkar gidaje rajista tana sauraron koke. Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato za su iya wuce nan. A hana tallar gidan da ba a gina ba sai da rajista da takardar fili a bayyane. A kulle kuɗin masu saye a asusun amana, a riƙa saki daidai da aiki. A fitar da yarjejeniya guda ta bai-ɗaya, da Hausa da Turanci. Ga masu ƙyamar kuɗin ruwa, a sa diyyar jinkiri ta zama kuɗin hayar gida irinsa a unguwar, duk wata, har ranar makulli. A kafa kotun musamman mai wa'adin kwanaki. Duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi inda ya tsaya a kan wannan.

Kafin ranar ta zo, mai karatu, kada ka biya kuɗin gida a dunƙule don an yi maka alkawarin rangwame. Ka je ma'aikatar filaye da lambar fayil. Ka ɗauki lauyanka, kada ka yarda da na kamfani. Ka je tsohon rukunin da suka gina ka tambayi mazauna ciki. Ka nemi sauran masu saye ku haɗa kai tun kafin matsala ta taso, don da haɗin kai mazaunan Noida suka kai ƙararsu har Kotun Ƙoli.

Kawuna yana nan a gidan haya. Duk ranar Juma'a bayan la'asar yakan hau adaidaita ya je ya duba kangon, ya kori awaki, ya tsaya ya daɗe. Rasit ɗinsa suna cikin leda a ƙarƙashin katifa, ya haddace lambobinsu kamar yadda ya haddace sunayen ɗalibansa. Wancan makon ya tambaye ni ko akwai ofishin da bai je ba tukuna. Na rasa amsar da zan ba shi. A hanyarmu ta dawowa muka wuce wani sabon allon talla na kamfanin, a wata sabuwar unguwa, da jan kwano da masallaci a tsakiya, an rubuta wata 18.